Caffa ga Ubangiji Ɗaya: Tarihin Yaƙi da Bautar Gumaka a Isra'ila ta Dā

GABATARWA

A shekara ta 63 kafin Miladiyya, sarkin yaƙin Romawa mai suna Pompi ya ci Haikalin Urushalima bayan ya yi masa ƙawanya har wata uku. Da ya shiga bai zame ko'ina ba sai ɗakin nan na can ƙurya wanda Yahudawa ke kira Wuri Mafi Tsarki, inda ba mai sa ƙafa sai babban firist, watau limamin limamansu, shi ma rana ɗaya tak a shekara. Tasitus, marubucin tarihin Romawa, ya ce tun daga lokacin nan ne labari ya bazu cewa babu surar wani abin bauta a ciki, ɗakin wayam yake. Ga Baroma wannan abin al'ajabi ne, domin kama daga Masar har Babila, daga Atina har Rum, da wuya a ga ɗakin ibada babu gunkin mai ɗakin. Shi ake yi wa wanka, a sa masa tufafi, a kai masa abinci, a fita da shi gari ranar biki.

Wannan lacca za ta bi sawun yadda wata 'yar ƙaramar al'umma, wadda ƙasarta ba ta wuce lardi guda a daulolin da ke kewaye da ita ba, ta kai ga wannan ɗaki wayam. Madogara biyu ce: Littafi Mai Tsarki, musamman Tsohon Alkawari, da kuma abin da masu tonon kufai suka fito da shi daga ƙasa tun daga ƙarni na 19. Abin da za a nuna shi ne, a koyarwar Littafin, bautar gumaka cin amanar caffa ne. Galibin Isra'ilawan dā ba su ce sun rabu da Ubangijinsu ba. Abokan tarayya suka ƙara masa, suna ganin yin haka shi ne hankali. Annabawansu kuwa suka ce wanda ya raba caffarsa biyu ya riga ya warware ta. An share ƙarnuka ana wannan jayayya. Shekarun da aka sa wa alamar K.M. na kafin Miladiyya ne, ana ƙirga su da baya-baya.

HANI BIYU DA RUWAN SAMA

Dokoki Goma, kamar yadda suka zo a Littafin Fitowa sura ta 20 da Maimaitawar Shari'a sura ta 5, sun fara da hani biyu. Na farko, kada a haɗa Yahweh, wanda fassarar Hausa takan kira Ubangiji, da wani abin bauta. Na biyu, kada a sassaƙa ko a ƙera wata sura a yi mata sujada. Hujjar da aka gabatar kafin hanin ta tarihi ce, watau cewa shi ne ya fisshe su daga bauta a Masar, saboda haka yana da hakki a kansu wanda wani ba shi da shi. Sa'an nan Littafin ya siffanta shi da kishi, kalmar da Ibraniyawa ke amfani da ita ga miji a kan matarsa. Tun daga nan mai sauraro zai lura cewa maganar ta amana ce tsakanin waɗanda alkawari ya ɗaure.

To, me ya sa kiyaye hanin ya yi wuya? Amsar tana cikin ƙasar kanta. Manomin Masar Kogin Nilu yake jira, kogin kuwa yakan cika kowace shekara. Manomin tuddan Kan'ana ba shi da abin jira sai sama. Ruwa yakan sauka daga wajen watan Oktoba zuwa Afrilu, sa'an nan a yi wata biyar babu ko ɗigo. Idan ruwan shuka ya yi jinkiri, ko na ƙarshe ya ɗauke da wuri, yunwa ce. Mutanen ƙasar kuwa sun daɗe da sanin wanda suke roƙo ruwa, shi ne Hadad, wanda aka fi sani da laƙabin Ba'al, ma'ana mai gida ko mamallaki.

Kafin ƙarni na 20, kusan duk abin da aka sani game da Ba'al daga bakin maƙiyansa aka ji shi. A 1928 garmar wani manomi ta ci karo da wani tsohon kabari a gaɓar tekun Siriya, shekara ta zagayo Faransawa a ƙarƙashin Claude Schaeffer suka fara tono a tudun Ras Shamra, sai ga tsohon birnin Ugarit da allunan yumɓu rubutattu. Allunan sun nuna Ba'al mai tsawa da hadari, wanda Mot, watau mutuwa, ke haɗiyewa har ƙasa ta bushe, daga baya ya dawo da ruwa. Tare da shi akwai El, uban alloli, da matarsa Ashera, da Anat.

Ba'isra'ilen da ya gaji gona a wannan ƙasa yana iya cewa Yahweh ne ya cece kakanninsa, shi ne kuma mai ba da nasara a yaƙi, amma gona tana da nata mai kula, ba laifi a ba kowa hakkinsa. Haka duk maƙwabtansa ke tunani, domin a wurinsu alloli kamar fādawa suke, kowa da aikinsa.

Hani na biyu kuwa siyasa ce ta fara gwada shi. Bayan rasuwar Sulaiman, wajen 930 K.M., mulki ya rabu biyu, Isra'ila a arewa, Yahuza a kudu. Yerobowam, sarkin arewa, ya kafa maruƙan zinariya a Betel da Dan domin kada talakawansa su riƙa zuwa Urushalima hadaya har zukatansu su koma wa gidan Dawuda. Masana da yawa na ganin da sunan Yahweh aka kafa maruƙan, wataƙila ma a matsayin abin hawansa. Duk da haka Littafin Sarakuna bai ɗaga masa ƙafa ba, da wannan laifi ya riƙa awon kusan kowane sarkin arewa da ya biyo baya.

GIDAN OMRI DA ANNABI ILIYA

Rikicin ya fito fili a ƙarni na 9 K.M., zamanin Ahab ɗan Omri. Ahab ba ƙaramin sarki ba ne. Rubutun Shalmanesar na III, sarkin Assuriya, ya ce a yaƙin Ƙarƙar na 853 K.M. Ahab ya zo da karusan yaƙi 2,000 da dakaru 10,000. Ya auri Yezebel, 'yar Etba'al sarkin Sidoniyawa, auren da ya buɗe wa Isra'ila hanyar ciniki da biranen gaɓar teku, ya kuma gina wa Ba'al ɗaki a Samariya, babban birninsa. Amma 'ya'yansa biyu da suka gaje shi, Ahaziya da Yehoram, duka sunayensu na ɗauke da sunan Yahweh. Ashe Ahab bai ɗauki kansa wanda ya bar addinin iyayensa ba. A ganinsa ya girmama allahn surukansa ne, kamar yadda kowane sarki mai dabara zai yi.

Wanda ya ƙi wannan dabara shi ne Iliya, wanda sunansa ma ke nufin Yahweh ne Allahna. Shi ne Ilyas da Alkur'ani ya ambata tare da Ba'al a Suratus Saffat. Bisa ruwayar Littafin Sarakuna na Ɗaya, Iliya ya fara da shelar fari, watau ya tari Ba'al a fagen da ake cewa nasa ne. A shekara ta uku ya tara jama'a a Dutsen Karmel, ga annabawan Ba'al 450, ya tambaye su sai yaushe za su daina ɗingishi tsakanin ra'ayi biyu, ya ce su zaɓi ɗaya su bi. Littafin ya ce jama'a ba su ce uffan ba. Wannan shiru ya fi kome nuna halin da ake ciki, domin mutanen ba su taɓa jin cewa tilas ne a zaɓa ba. Iliya yana gaya musu taura biyu ba ta taunuwa, su kuwa tun kaka da kakanni suna ganin ana tauna ta.

Har ila yau, labarin gonar inabin Nabot ya nuna cewa jayayyar ta wuce bagade. Ahab ya nemi ya sayi gonar, Nabot ya ƙi domin gādon kakanninsa ce. Yezebel ta shirya shaidun zur aka jefe Nabot, sarki ya ɗauke gonar, Iliya ya tare shi a cikinta da hukunci. Watau a wurin annabin, Allahn da ya hana a haɗa shi da wani shi ne kuma ya sa wa sarki iyaka a kan gonar talaka.

Wajen 841 K.M. wani hafsa mai suna Yehu ya yi juyin mulki da sunan kishin Yahweh. Ya kashe Yehoram da Yezebel, ya sa aka sare kawunan 'ya'yan gidan sarauta 70, ya tara masu bautar Ba'al a ɗakinsu da yaudara ya hallaka su, ya mai da wurin makewayi. Amma a wannan shekara ɗin ya kai gaisuwa ga Shalmanesar. Baƙin dutsen da Layard ya tono a Nimrud a 1846, wanda ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan, ya nuna Yehu ko manzonsa ya faɗi rub da ciki gaban sarkin Assuriya. Bayan kamar shekara 100 kuma, Annabi Yusha'u ya yi shelar hukunci a kan gidan Yehu saboda jinin da aka zubar a Yezreyel. Takobi ya rushe ɗakin Ba'al na birni, bai taɓa abin da ke zukatan manoma ba.

ABIN DA KUFAI SUKA NUNA

Shaidar da aka tono ta gaskata ƙorafin annabawa cewa haɗawa ta zama ruwan dare. A 1910 masu tono daga Jami'ar Harvard suka sami tsingaro rubutattu a fādar Samariya, rasiɗan ruwan inabi da man zaitun na ƙarni na 8 K.M., inda sunayen mutane masu ɗauke da Ba'al ke jere da masu ɗauke da Yahweh. A 1975 da 1976 Ze'ev Meshel ya tona wani zango a Kuntillet Ajrud, arewa maso gabashin Sina'i, ya sami manyan tuluna na wajen 800 K.M. da aka rubuta wa addu'o'in albarka da sunan Yahweh na Samariya da asherarsa. Masana sun yi saɓani a kan ko allahiya ake nufi ko ginshiƙin itacen da ake kafawa kusa da bagade, amma ko wanne ne, abu ne da Maimaitawar Shari'a ta hana. A gidajen Yahuza na ƙarni na 8 da na 7 K.M., har a cikin Urushalima kanta, an tono ɗaruruwan 'yan mutum-mutumin yumɓu masu surar mace riƙe da nonuwanta, waɗanda ake kyautata zaton suna da alaƙa da neman haihuwa da shayarwa.

Amma fa akwai ɗaya ɓangaren. Binciken da Jeffrey Tigay ya buga a 1986 a kan sunayen da ke jikin hatimai da tsingaro ya nuna cewa masu ɗauke da sunan Yahweh sun rinjayi masu ɗauke da sunan wasu alloli nesa ba kusa ba. Idan aka haɗa shaidun biyu, za a ga mutanen da Yahweh ne allahn ƙasarsu ba jayayya, amma suna da 'yan ƙananan ƙofofi da suke ƙwanƙwasawa idan buƙata ta taso. Samun allahn ƙasa ba baƙon abu ba ne a yankin. Dutsen Mesha sarkin Mowab, wanda aka samu a Diban a 1868, ya ce Omri ya danne Mowab ne saboda Kemosh ya yi fushi da ƙasarsa. Baƙon abu shi ne a ce allahn ƙasa ba ya yarda a roƙi kowa tare da shi.

Yusha'u, wanda ya yi wa'azi a arewa a tsakiyar ƙarni na 8 K.M., shi ya ba wannan koyarwa misalin da ya zauna. Ya kwatanta Isra'ila da matar aure da ke bin samari tana zaton su ke ba ta hatsi da mai da ulu, alhali daga rumbun mijinta kome ke fitowa. Da wannan ya rushe hujjar rabon aiki, domin in ruwan sama ma na Yahweh ne, Ba'al ba shi da abin yi. Bugu da ƙari, ya sa zaryar sarakuna tsakanin Masar da Assuriya don neman kariya cikin wannan cin amana. A 722 K.M. Samariya ta faɗi, Sargon na II ya yi alfaharin kwashe mutum 27,290. Mulkin arewa bai sake tashi ba.

CAFFAR ASSURIYA DA LITTAFIN SHARI'A

Yahuza ta saura ita kaɗai, tana biyan gandu ga Assuriya. Sarki Hezekiya ya rushe masujadan kan tudu, har ya farfashe macijin tagulla da ake dangantawa da Musa saboda mutane sun fara ƙona masa turare. A 701 K.M. Sennakerib ya kawo yaƙi, ya ce ya ci garuruwa 46 masu ganuwa, amma Urushalima ta tsira bayan an biya dukiya mai yawa. Littafin ya ruwaito cewa manzon Assuriya ya yi ƙoƙarin karya zuciyar mutanen birnin da cewa masujadan da Hezekiya ya rushe ai na Yahweh ne, yaya za su sa rai ya taimake su. Da maganar ba ta da masu saye a cikin ganuwa, da bai faɗe ta ba. Manassa ɗan Hezekiya, wanda Littafin ya ce ya yi shekara 55 a kan gado, ya mai da duk abin da ubansa ya kawar. Sunansa na cikin jerin sarakuna 22 da suka kai wa Esarhaddon kayan gini.

A nan ne wata takarda ta Assuriya ke ba da haske ƙwarai. A 672 K.M. Esarhaddon ya rantsar da daularsa cewa za a yi wa ɗansa Ashurbanifal caffa. An tono kofe-kofen wannan rantsuwa a Nimrud a 1955, aka kuma sami wani a 2009 a cikin wani ɗakin ibada a Tell Tayinat, kudancin Turkiyya. Rantsuwar ta umarci masu caffa su ƙaunaci yarima kamar ransu, kada su nemi wani sarki, su kuma tona asirin duk wanda ya yi maganar tawaye, ko ɗan'uwa ne, ko ɗa, ko mai annabci. Ta ƙare da dogon jerin la'anoni, har da cewa ƙasa ta zama kamar ƙarfe, sama ta zama kamar tagulla ta hana ruwa.

Wanda ya san Maimaitawar Shari'a zai ga kamar ya taɓa jin wannan. Sura ta 6 ta nemi a ƙaunaci Yahweh da dukan zuciya. Sura ta 13 ta hana a rufa wa annabi ko ɗan'uwa ko ɗa ko mata ko amini asiri idan ya ja mutum ga bautar wani. Sura ta 28 ta jera albarka da la'ana, har da misalin nan na tagulla da ƙarfe. Tun 1963 William Moran ya nuna cewa ƙauna a harshen alkawuran wannan yanki tana nufin biyayyar bara ga ubangidansa, abin da ake iya umarta, a kuma gani a aikace. Masu riƙe da cewa littafin na zamanin Musa ne sukan kwatanta tsarinsa da alkawuran Hittiyawa, waɗanda suka girmi na Assuriya da ƙarnuka. Wasu kuma na ganin a zamanin Assuriya ya sami siffar da aka san shi da ita. Amma ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa tsarinsa na takardar caffa ne, wadda aka sa Allah a gurbin babban sarki.

Abin da wannan ya haifar ba ƙarami ba ne. Idan dukan ƙauna da tsoro da rantsuwa sun tafi ga Yahweh, abin da ya rage wa Ashurbanifal gandu ne kawai, abin da ya rage wa sarkin Yahuza kuma wakilci. Shi ya sa sura ta 17 ta hana sarki tara dawakai da mata da zinariya, ta kuma wajabta masa ya riƙe kofen Shari'a yana karantawa muddin ransa.

A 622 K.M., shekara ta 18 ta sarautar Yosiya, lokacin da ƙarfin Assuriya ya fara raguwa, Hilkiya babban firist ya ce ya sami littafin Shari'a a Haikali. Aka karanta wa sarki, ya kece tufafinsa, aka nemi fatawar annabiya Hulda, sa'an nan ya tara jama'a aka sabunta alkawari. Jerin abin da aka fitar daga Haikali kansa ya isa shaida: kayan bautar Ba'al da Ashera da taurari, da karusan da aka keɓe wa rana. Aka ƙazantar da wurin da ake ƙona 'ya'ya a Kwarin Hinnom, aka rushe bagaden Betel, aka tattara hadaya a Urushalima kaɗai. Tun daga aikin de Wette na 1805 galibin masana na ganin littafin da aka samu shi ne Maimaitawar Shari'a ko wani sashe nata. Sai dai a 609 K.M. Fir'auna Neko ya kashe Yosiya a Magiddo, gyaran bai kai ga zaunawa ba.

FAƊUWAR URUSHALIMA

Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashi kashin farko na manyan Yahuza a 597 K.M., a 586 K.M. kuma ya ƙone birnin da Haikali. A al'adar zamanin, wanda ya ci gari yakan ɗauke gunkinsa, alamar cewa allahn ya bar mutanensa. Haka Sennakerib ya yi da gunkin Marduk sa'ad da ya rushe Babila a 689 K.M., sai a 668 K.M. aka mayar da shi. Daga Urushalima kuwa, abin da Littafin ya lissafa an kwashe tasoshi ne da tagullar ginshiƙai.

Waɗanda suka tsira sun fassara masifar ta hanya biyu, sura ta 44 ta Littafin Irmiya ta adana muhawarar. A Masar, inda wasu suka yi gudun hijira, Irmiya ya ce bautar wasu alloli ce ta jawo halaka. Jama'a, maza da mata, suka mayar masa da cewa lokacin da suke ƙona wa Sarauniyar Sama turare suna ci suna ƙoshi, tun da suka daina ne takobi da yunwa suka far musu. In aka bi lissafin shekaru, hujjarsu ba ta banza ba ce: Manassa ya daɗe ya mutu a gadonsa, Yosiya mai gyara ya mutu a fagen fama, bayansa da shekara 23 birni ya zama toka.

Tarihi ya nuna inda kowace fassara ta kai masu ita. A tsibirin Elefantin da ke Kogin Nilu kusa da Aswan, wasu sojojin Yahudawa sun yi zamansu da nasu haikali na Yahu, takardunsu kuma sun nuna ana rantsuwa da Anat-Yahu, ana ware wa wasu alloli kuɗi tare da shi. An rushe haikalin a 410 K.M., bayan 'yan shekaru labarinsu ya yanke. Waɗanda aka kai Babila kuwa suka riƙe fassarar annabawa, cewa ba a ci Yahweh da yaƙi ba, shi ne ya zartar da la'anar da ke cikin alkawarin da aka karya. Wanda ya hukunta kuwa yana iya yafewa. Ezekiyel ya ga wahayin kursiyin Allah mai ƙafafun karusa a bakin Kogin Kebar, cikin ƙasar Babila, watau ikonsa bai tsaya a kan iyakar Yahuza ba.

Sashen Littafin Ishaya da ya fara daga sura ta 40, wanda ke magana da waɗannan bayin yaƙi, shi ya kai koyarwar matuƙa. Dā ana cewa kada a bi wasu alloli, nan kuwa aka ce sam babu su. Sura ta 44 ta yi ba'a ga masassaƙin da ya raba gungume biyu, ya hura wuta da rabi ya gasa nama ya ji ɗumi, ya durƙusa wa sauran rabin yana neman ceto. Adalci ne a ce Babilawa ba su jahilci cewa mutum ke sassaƙa gunki ba. Suna da wata hidima ta wanke bakin gunki, inda masassaƙa ke rantsuwa cewa ba su suka yi shi ba, a kamanta yanke hannuwansu da wuƙar itace, don a nuna daga sama ya zo. Wannan da'awa ce annabin ya ƙi. Bayan Sairus na Farisa ya ci Babila a 539 K.M. ya bar Yahudawa su koma, aka gama sabon Haikali wajen 515 K.M. Ephraim Stern, masanin kufan wannan zamani, ya lura cewa 'yan mutum-mutumin ibada, waɗanda suka ci gaba da yawa a garuruwan gaɓar teku, sun yi ƙaranci ƙwarai a Yahuza.

KAMMALAWA

Daga nan gwajin ya koma fitowa daga waje. A 167 K.M. Antiyokus na IV ya kafa baƙuwar hadaya a Haikali, abin da ya tayar da tawayen Makabiyawa, aka tsarkake wurin a 164 K.M. A shekara ta 40 Miladiyya Kaligula ya umarta a kafa mutum-mutuminsa a ciki, dubban Yahudawa suka bar gonakinsu ba shuka suka je gaban gwamna Fetroniyus suka ce sai dai a kashe su. Kisan Kaligula a farkon shekara ta 41 ne ya kashe maganar.

Sabon Alkawari ya gaji koyarwar ya kuma faɗaɗa ta. Linjilar Matiyu ta ruwaito Yesu yana sa dukiya a matsayin ubangida na biyu wanda ba a iya haɗa bautarsa da ta Allah, wasiƙar Kolosiyawa kuma ta kira kwaɗayi bautar gumaka. A shekara ta 250 sarki Desiyus ya umarci kowa a daular Rum ya yi hadaya ga alloli ya karɓi takardar shaida, an kuwa sami irin waɗannan takardu fiye da 40 a Masar. Dokar ba ta hana kowa ibadarsa ba, ƙari kawai ta nema, kamar yadda Ahab ya nema. Kiristoci da yawa sun yi, wasu sun sayi takardar, wasu sun zaɓi kurkuku da mutuwa.

Ko shakka babu wannan koyarwa ta ci rayuka ta fuska biyu, domin an kashe mutane saboda sun riƙe ta, an kuma kashe wasu da sunanta, kamar yadda aikin Yehu ya nuna. Amma ita ce ta raba caffar Allah da makomar sarki da birni da gini, har al'ummar ta iya rasa dukansu ba ta narke ba, alhali Kemosh ya tafi tare da Mowab. Sa'ad da Titus ya rushe Haikali a shekara ta 70, aka yi jerin gwanon nasara a Rum shekara mai bi. Ƙofar tunawa da aka gina masa tana nan tsaye, an zana sojoji ɗauke da alkukin zinariya da tebur. Yusifus, wanda ya rubuta labarin bikin, ya ce abin da aka ɗauko a ƙarshen ganimar Haikali shi ne kofen littafin Shari'a.